Kurkumin da hanta: nazarin lamarin mutum 10 a Amurka

Tsakanin 2004 da 2022, wata haɗakar likitocin hanta a Amurka ta yi ta tattara bayanan mutanen da magani ya yi wa hantarsu illa. Sunanta a taƙaice DILIN, kuma Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ne ke ɗaukar nauyinta. Aikin nasu na haƙuri ne. Duk mara lafiyar da aka shigar, sai an fara kore sauran abubuwan da kan taɓa hanta: ƙwayoyin cutar hanta, giya, tsakuwar matsarmama, da cutar da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi mai ita. Sannan ƙwararru su zauna su yanke ko maganin ne mai laifi. A cikin waɗanda suka tsallake wannan tankaɗe da rairaya, an samu mutum 10 da hantarsu ta kamu sakamakon shan maganin ƙarin lafiya da aka haɗa da kurkum, saiwar da ke ɗauke da sinadarin da ake kira kurkumin.

Goma ba wani adadi ba ne a ƙasar da miliyoyin mutane ke haɗiyar irin wannan kafso kowace safiya. Abin da ya tayar wa likitocin hankali shi ne jerin shekarun. Daga 2004 zuwa 2010 ba su samu ko mutum ɗaya ba. Dukansu daga 2011 zuwa sama aka same su, kuma 6 a cikinsu daga 2017 ne. Kurkum kuwa ba jiya aka fara cinsa ba. Mutanen Indiya da maƙwabtansu sun shafe dubban shekaru suna zuba shi a tukunya, ba a san shi da taɓa hanta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ya sauya, kuma ba a jikin shukar ya sauya ba.

Abin da aka gani a asibiti

Rahoton ya fito a mujallar American Journal of Medicine a farkon 2023, da sunan Dokta Dina Halegoua-DeMarzio ta Jami'ar Thomas Jefferson da ke Filadelfiya a kan gaba. Mata 8 ne, maza 2, tsaka-tsakin shekarunsu 56. Ciwon bai zo nan take ba, sai bayan wata 1 zuwa 4 da fara sha. Mutum 5 sai da aka ba su gado. Ɗaya hantar ta tsaya cak, rai ya yi halinsa. A mutum 9, ɓarnar ta faɗa ne kan ƙwayoyin halittar hanta su kansu, waɗanda idan suka fashe sukan zubar da sinadaransu cikin jini har gwaji ya nuna sun yi sama. An ɗebi 'yar tsokar hanta da allura daga mutum 4 aka duba a madubin likita, aka ga kumburi, aka kuma ga wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da aka saba gani idan jiki ya ƙi jinin wani abu da ya shige shi.

Irin wannan ciwo yana da wuyar kamawa saboda dalilin da ba na kimiyya ba ne. Mutum ya zo da kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, farin ido ya koma rawaya. Likita ya tambaya, "Kina shan wani magani?" Ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. A wurinta magani shi ne abin da likita ya rubuta. Kwalbar da ta saya saboda ciwon gwiwa, mai hoton saiwa a jiki da rubutun cewa daga tsiro aka samo, ba ta cikin lissafi. Sai an sake tambaya ta wata fuska, ko an ce a kawo duk abin da ke kan teburin gefen gado, kafin kwalbar ta fito. Rawayar idon nan, a ce a wuce wurin, ba launin kurkum ba ne ya hau jiki. Shawara ce, wato sinadarin da hanta ke tacewa daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini ne ya taru saboda matatar ta gaza. Daidaituwar launin dai tsautsayi ne kawai.

Sinadarin a faranti, sinadarin a jiki

Don a gane abin da ya sauya, sai an koma kan sinadarin. Kurkumin shi ne abin da ke ba wa saiwar kurkum launinta. Wasu masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara ware shi a 1815, aka gano fasalinsa a 1910. Ba shi da yawa a cikin garin kurkum, kusan kashi 3 cikin 100 ne. A Turai yana cikin launukan abinci da aka amince da su, lambarsa E100. Duk wanda kurkum ya taɓa ɓata wa farar riga ya ga halinsa da ido: ruwa kaɗai ba ya fitar da tabon, da an goga sabulu kuma sai ya rikiɗe ya koma ja. Abubuwa biyu ke nan a fili. Ba ya narkewa a ruwa, kuma da yanayin da yake ciki ya ɗan sauya, shi ma sai ya sauya.

Sunan da kurkumin ya yi a duniya daga ɗakin gwaje-gwaje ya samo shi. Akan raini ƙwayoyin halitta a ƙaramin faranti, a narkar da kurkumin a wani ruwa na musamman tunda ruwan sha ba zai ɗauke shi ba, a ɗiga musu, a jira. Abin da ake gani yana da ban sha'awa ƙwarai. A cikin ƙwayar halitta akwai wani furotin mai suna NF-κB wanda yake kamar mai shela: yana zaune a ɗaure, da an samu rauni ko kutsen cuta sai a sake shi ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna umarnin kumburi. A 1995 aka wallafa cewa kurkumin na hana a kwance shi. An kuma ga yana tayar da wani furotin, Nrf2, wanda ke sa ƙwayar ta ƙera sinadaran kare kanta daga tsatsar iskar shaƙa. Ƙwayoyin sankara da aka jiƙa da shi sukan daina rabuwa, wasu su kashe kansu ta hanyar da jiki ya tanada. Daga nan sai muƙalu suka yi ta kwarara, dubbai: sankara, ciwon suga, cutar mantuwa, amosanin gaɓɓai, ciwon zuciya, baƙin ciki. Da wuya ka ambaci cutar da ba a gwada shi a kanta ba.

To amma sinadarin da ya yi nasara a kan komai abin zargi ne. A watan Janairun 2017, Kathryn Nelson da Michael Walters na Jami'ar Minnesota tare da abokan aikinsu suka fitar da wani dogon bita a mujallar Journal of Medicinal Chemistry, suka sa kurkumin a sahun sinadaran da ke yaudarar gwaji. Dalilan a bayyane suke. Yana da launi kuma yana ƙyalli, alhali gwaje-gwaje da yawa da launi ko ƙyalli suke auna sakamako, don haka na'ura kan karanta shi kansa a matsayin nasara. Yana manne wa furotin barkatai ba zaɓi. Yana kama ƙarafa kamar sinadarin ƙarfe na jini. Yana dunƙulewa ya shaƙe abin da ake aunawa. Yana kutsawa cikin fatar ƙwayar halitta ya dagula ta. Sannan ba ya daɗewa: tun 1997 aka nuna cewa a ruwan gwaji mai yanayi irin na jini da ɗumin jiki, kusan kashi 90 cikin 100 nasa ya ruguje cikin minti 30. Ke nan mai binciken da ya bar farantinsa kwana guda bai ma san ko kurkumin ne ya yi aikin ko ɓurɓushinsa ba. Masu bitar sun duba gwaje-gwaje sama da 120 da aka yi a kan mutane, suka ce ba su ga ko ɗaya mai cikakken tsari da ya tabbatar da shi a matsayin magani ba.

Ana wata ga wata. Ɗaya daga cikin manyan masu tallata kurkumin a matsayin maganin sankara, Bharat Aggarwal na cibiyar MD Anderson da ke Houston, ya ajiye aiki a ƙarshen 2015, kuma mujallu sun janye muƙalunsa kusan 30, galibi saboda hotunan sakamako da aka maimaita ko aka taɓa. Wasu masu bincike sun ci gaba da kafa hujja da su bayan an janye.

Babbar matsalar dai tana cikin hanji. Kurkumin da aka haɗiya, kaɗan ne ke ratsa bangon hanji. Wanda ya ratsa kuma, tun a bangon da kuma a hanta ake laƙa masa wani ɗan sinadari mai kama da suga, ko na farar wuta, wanda ke mayar da shi mai narkewa a ruwa don a fitar da shi ta matsarmama da fitsari. Sauran ya bi bayan gida. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a 2006, an ba mutane daga rabin giram har giram 12 a zama ɗaya. Waɗanda suka sha giram 8 zuwa ƙasa, ba a ga ɗigon kurkumin a jininsu ba. Sai a giram 10 da 12 aka tsinci ɗan kaɗan, a mutum 2 kacal. Adadin da ake wanka wa ƙwayoyin halitta da shi a faranti, jinin ɗan Adam ba ya kusantarsa ta hanyar baki.

A ganina nan ne zuciyar lamarin. Wannan rashin shiga jini shi ya hana kurkumin zama magani, kuma shi ne ya sa kurkum bai cutar da masu cinsa ba tsawon zamani. Ƙofa ɗaya ce aka rufe wa amfani da illa baki ɗaya.

Adalci ya sa a ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Japan, a 2006, an gwada giram 2 a kullum tsawon wata 6 a kan masu gyambon babban hanji, a haɗe da maganinsu na asibiti, aka ga ciwon ya dawo wa mutum 2 cikin 43, alhali a ɓangaren da aka ba ƙwayar wofi ya dawo wa 8 cikin 39. Wannan bai saɓa wa abin da aka faɗa ba, domin hanji ne kaɗai wurin da sinadarin ke isa ba sai ya ratsa jini ba. A Tasmaniya ta Ostireliya ma, wani gwaji na mako 12 a kan mutum 70 masu amosanin gwiwa, da aka wallafa a 2020, ya nuna ɗan sauƙin zafi, amma hoton gwiwar bai nuna kumburin ya ragu ko guringuntsi ya gyaru ba. Ƙananan gwaje-gwaje ne, sakamakonsu ma daidai girmansu.

Yadda aka buɗe ƙofar

Masu sayar da kafso sun san wannan matsala sarai, kuma sun shiga neman hanyar kauce mata. Mataki na farko shi ne tacewa. Cokalin shayi na garin kurkum bai wuce giram 3 ba, kurkumin da ke ciki kuwa da wuya ya kai miligiram 100. Kafso ɗaya na miligiram 500 da aka tace har kashi 95 cikin 100 ya kai cokali 5 ko fiye, kuma kwalabe da yawa biyu ko uku suke cewa a sha a rana. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta sa iyakar abin da mutum zai ci kullum a miligiram 3 kan kowane kilo na nauyin jiki, wato miligiram 180 ga mai kilo 60. Kafso ɗaya ya ninka wannan sau biyu da ɗoriya.

Mataki na biyu shi ne masoro. A 1998, masu bincike a kwalejin likitanci ta St. John's da ke Bangalore a Indiya suka ba wasu 'yan sa-kai giram 2 na kurkumin, da kyar aka ga alamarsa a jini. Da aka haɗa musu da miligiram 20 na fiferin, sinadarin da ke ba masoro yajinsa, sai adadin da ya shiga jini ya ƙaru da kashi 2000 cikin 100. Ƙaramin gwaji ne, kuma ninka abin da kusan babu shi sau 20 bai zama tuli ba, amma wannan lamba ta zame wa 'yan kasuwa jari. Har yau tana jikin kwalabe. Bayan masoro aka zo da wasu dabarun: a lulluɓe sinadarin da maiƙo, a niƙa shi ya fi ƙura laushi, a haɗa shi da abin da zai sa ya narke.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne yadda fiferin ke yin aikin. Ba ƙarfi yake ƙara wa kurkumin ba. Ma'aikatan tsaro yake ɗaurewa. Yana rage aikin sinadaran hanji da hanta da ke laƙa wa baƙon abu alamar fita, yana kuma taɓa famfon da ke mayar da baƙin abubuwa cikin hanji. Waɗannan ma'aikata ba kurkumin kaɗai suke tarewa ba, su ne ke sarrafa magunguna da yawa na asibiti. Mai shan maganin tsinka jini ko na farfaɗiya ya kamata ya san da haka kafin ya ƙara komai a kai.

A cikin mutum 10 na DILIN, an samu kwalaben mutum 7 aka kai ɗakin gwaji. Duka 7 akwai kurkum a ciki, 3 kuma akwai fiferin. Wannan adadi na 3 yana buƙatar a tsaya a kansa, domin wasu rahotannin jarida sun ɗora wa masoro laifin gaba ɗaya. Huɗu daga cikin kwalaben da aka gwada ba su da shi, kuma masu su sun kamu. Masoro yana cikin waɗanda ake tuhuma, ba shi kaɗai ba ne a gaban alƙali.

Me ya sa su, ba maƙwabtansu ba?

Tambayar da ta rage ita ce ta zaɓi. Miliyoyi na sha, 'yan ƙalilan ke kamuwa. Da guba ce irin ta farasitamol idan an zarce ƙa'ida, da kowa ya sha da yawa zai kwanta, kuma cikin kwanaki kaɗan. Nan kuwa sai an yi watanni, kuma ba lallai wanda ya fi sha ne ke kamuwa ba. Wannan salon na garkuwar jiki ne.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana da wasu furotin a bayanta da ake kira HLA. Aikinsu kamar na mai riƙe da tire ne a bakin ƙofa: suna ɗauko gutsattsarin abin da ake ƙerawa a cikin ƙwayar su baje a waje, sojojin garkuwa masu sintiri su duba. Idan abin da ke kan tiren na gida ne, su wuce. Idan baƙo ne, su kashe ƙwayar. Siffar tiren gado ce, kuma ta bambanta daga mutum zuwa mutum, shi ya sa ake wahalar samun wanda gaɓarsa za ta dace da wani wurin dashe.

Da aka duba gadon mutum 10 ɗin, 7 suna ɗauke da nau'i guda mai suna HLA-B*35:01, kuma 2 daga cikinsu ta uwa da ta uba suka gaje shi. Tunda kowa kwafi biyu yake da shi, kwafi 9 ke nan cikin 20, wato kashi 45 cikin 100, alhali a jama'ar da aka kwatanta da su bai wuce kashi 6 zuwa 7 ba. Wannan tazara ba ta sa'a ba ce. Kuma ba yau aka fara jin sunan wannan nau'i ba. An same shi a yawancin waɗanda tataccen koren shayi ya yi wa hanta illa a Amurka, an kuma same shi a China a masu ciwon hanta bayan shan wata saiwar gargajiya da suke kira He Shou Wu. Tsirrai daban-daban, sinadarai 'yan dangi ɗaya, alamar gado ɗaya.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ya dawo da mu kan halin nan na manne wa furotin barkatai. Idan kurkumin ko ɓurɓushinsa ya isa ƙwayar hanta da yawa ya manne wa furotin na gida, gutsuren da zai hau tire zai fito da baƙuwar kama. A yawancin mutane tiren ba zai riƙe shi yadda zai ja hankali ba. A mai wannan nau'i kuwa ya zauna daram, sojoji su gani su far wa hanta. An san irin wannan da maganin ƙanjamau mai suna abakabir, wanda ake gwada gadon mutum kafin a ba shi saboda wani nau'in HLA na daban. Ga kurkumin ba a kai ga nuna matakan ɗaya bayan ɗaya ba tukuna, amma jinkirin watanni, da irin fararen ƙwayoyin da aka gani a tsokar hanta, da alamar gadon, duk hanya ɗaya suke nunawa. Halin da ya sa sinadarin ya burge masu faranti, shi ne dai ake zargi da tunzura garkuwa a hanta. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Mafi yawan masu alamar nan ba ta jawo musu komai, kuma 3 daga cikin 10 ɗin ba su da ita ma. Waɗanda aka gano da wuri suka daina sha, hantarsu kan farfaɗo da kanta cikin makonni ko watanni, domin hanta gaɓa ce mai sake gina kanta idan an ɗauke mata abin da ke cinta. Wanda ya koma sha bayan ya warke kuwa, irin wannan ciwo kan dawo da sauri fiye da na farko, tunda sojojin sun riga sun haddace fuskar.

A Amurka, dokar 1994 da ke kula da irin waɗannan kayayyaki ba ta tilasta wa kamfani ya nuna wa hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, cewa kafsonsa na aiki ko ba ya cutarwa kafin ya kai shi kasuwa. Sai ɓarna ta bayyana hukuma ke shigowa. Alƙaluman DILIN na shekarunta 10 na farko sun nuna kason raunin hanta da ya fito daga tsirrai da kayan ƙarin lafiya ya tashi daga kashi 7 zuwa 20 cikin 100.

Wasu ƙasashen sun riga Amurka motsawa. A 2019 Italiya ta ga mutum sama da 20 da ciwon hanta bayan shan kafson kurkum, yawancinsu mata, aka janye wasu kayan daga kasuwa, aka bincika ko gurɓata ce ba a samu ba, sai ma'aikatar lafiya ta wajabta rubuta gargaɗi ga masu matsalar hanta da matsarmama. Hukumar Anses mai kula da lafiyar abinci a Faransa ta yi nata gargaɗin a 2022, ta ambaci sababbin dabarun ƙara shiga jini a matsayin abin da ya rusa tsohon lissafin iyaka. Hukumar magunguna ta Ostireliya ta bi sahu a watan Agustan 2023 bayan rahotanni 18 na matsalar hanta, ɗaya ya ƙare da mutuwa, ta kuma fayyace cewa gargaɗin bai shafi kurkum na girki ba. Italiya ta sake komawa kan batun a 2022 da wasu sababbin masu ciwon suka bayyana. Wannan karon ta ƙara masu ciki da masu shayarwa a cikin gargaɗin, ta ce kada a daɗe ana sha ba da sanin likita ba, ta kuma hana a rubuta wa kafson kurkum kowane irin amfani ga lafiya a jikin kwalba.